Yadda ake sauya sarauta daga mulkin mutum ɗaya zuwa bin tsarin mulki, hanyar da Butan ta bi

In ana so a yi wannan sauyi lafiya lau to kar a jira sai talakawa sun cika titi, tun sarki na da ƙarfinsa ake farawa. Haka aka yi a Butan, ƴar ƙaramar ƙasar nan ta tsaunukan Himalaya tsakanin Indiya da Chaina.

A fara da majalisa ko da ba ta da wani ƙarfi sosai, su tun 1953 suka kafa tasu. Sai a ringa sakar mata iko kaɗan kaɗan. A 1998 Sarki Jigme Singye Wangchuck ya miƙa wa ministoci tafiyar da gwamnati, har ma ya ba majalisa damar kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa.

Daga nan sai rubuta kundin tsarin mulki, an kafa kwamiti a 2001, daftari ya fito 2005. Amma fa kar a bar shi a ofis, sarkin da ɗansa sun raba gundumomi 20 na ƙasar suna zama da jama'a ana bin daftarin ana tambayoyi, kuma mutane da yawa cewa suka yi su a bar musu sarkinsu ba sa son siyasa, shi kuma ya dage don ba wanda ya san irin sarkin da za a samu gaba. A cikin kundin a ɗaure sarautar kanta, nasu ya ce sarki na cika shekara 65 zai sauka, majalisa ma za ta iya neman tsige shi sannan a kai wa jama'a su yanke hukunci.

Matakin da ya fi burge ni wallahi shi ne gwajin zaɓe. A 2007 aka ƙirƙiro jam'iyyun gwaji masu sunan kaloli, ja, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa, mutane suka bi layi suka koyi jefa ƙuri'a kafin na gasken. Lokacin ma uban ya riga ya sauka tun Disamba 2006 ya bar wa ɗansa Jigme Khesar. Zaɓen gaske ya zo 24 ga Maris 2008, wata jam'iyya mai suna DPT ta kwashe kujerun majalisa 45 cikin 47, kundi ya fara aiki a Yuli.

Inda ba za a kwaikwaye su ba shi ne batun ƴan kudu masu yaren Nepal, wajen mutum 100,000 da suka ƙare a sansanonin gudun hijira a Nepal tun farkon shekarun 1990, ba da su aka yi wannan zaɓen ba.