Kurakuran da masu zuwa wankan Devil's Pool suke ta maimaitawa

Wallahi na gaji da ganin mutane suna tara kuɗi su tafi har Zambiya don wankan nan na bakin magangarar ruwa ta Victoria, su dawo da ɓacin rai a kan abin da ya kamata su sani tun kafin su yanki tikitin jirgi.

Babban kuskuren shi ne lokaci. Devil's Pool ba wurin wanka ba ne da aka gina, wani ɗan kwari ne a cikin kogin Zambezi daidai inda ruwan yake zubowa ƙasa daga tsayin kusan mita 100, kuma abin da ke tare mutum kada ya wuce wani dutse ne da ya tokare bakin kamar dokin ƙofa. Dutsen nan ba ya tare kowa sai ruwa ya ja baya, wato daga wajen tsakiyar Agusta zuwa farkon Janairu, shi ma ya danganta da yadda damina ta kasance. Watan Maris zuwa Mayu kogin cike yake maƙil, ba a shiga ko kusa. Wannan ya taɓa cin mini kuɗi sosai, wani dillali a intanet ya karɓi kafin alƙalami ya rantse mini cewa Afrilu ma ana yi, na isa na tarar a rufe, feshin ruwa kawai ke tashi sama ko gabanka ba ka gani sosai, shi kuma ya daina ɗaukar waya, kuɗin otal da na jirgi duk sun tafi a banza. Tun daga nan ni Oktoba ko Nuwamba nake ba kowa shawara duk da zafin da ake yi, kuma ba na biyan ko sisi sai na tambayi masu kai mutane tsibirin Livingstone (ta inda ake bi a shiga wurin) da kansu yaya ruwa yake a satin.

Magangarar tana kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe ne, wasu kuma sai su sauka ɓangaren Zimbabuwe suna neman hanyar shiga. Daga can kallo kawai za ka yi, shiga ta ɓangaren Zambiya ne, kusa da garin Livingstone, sai ka tsallaka gada da fasfo, don haka ka gama maganar biza tun da wuri.

Wani kuskuren da ke ƙona mini rai shi ne ƙaryar iya iyo. Jirgin ruwa mai inji zai kai ku tsibirin Livingstone, inda Baturen nan mai yawon bincike David Livingstone ya fara ganin magangarar a 1855, daga nan ku taka duwatsu, sannan akwai wurin da dole a ratsa ruwa mai ja kafin a kai. Jagora zai tambaya wa bai iya ruwa ba, sai kowa ya yi tsit saboda kunya, musamman maza a gaban mata. Haba jama'a! Wani da muka shiga tare haka ya yi shiru, muna tsakiya ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa ya ruɗe ya shaƙo wuyana ta baya, na sha ruwa sosai kafin jagora ya ɓamɓare shi, ranar ban ji daɗin komai ba. Da ya faɗi gaskiya da jagoran ya riƙe shi ya bi da shi ta inda ya fi sauƙi, aikinsu ke nan kullum. Idan aka ce ka nufi sama da inda za ka fita to ka nufi saman, ruwan ne zai sauko da kai. In ka kwanta a kan dutsen bakin jagora ya riƙe ƙafarka, dan Allah kar ka ce ya sake ka don hoto ya yi kyau, kar ka miƙe tsaye, kar ka matsa inda ba a nuna maka ba. Ni yanzu na ƙarshe nake shiga, in bar tazara tsakanina da na gabana.

Waya kuma ka miƙa wa jagora, su suke ɗaukar hoton kuma sun san inda ake tsayawa, selfi da hannu ɗaya a wurin nan ganganci ne. Silifas ruwa zai tafi da shi, ka nemi takalmi mai kama ƙafa. Tufafi masu nauyi in suka jiƙe ja suke, a sa marasa nauyi da ke rufe jiki. Akwai ƙananan kifaye masu tsakurar ƙafa, ba sa cutarwa, kar ka zabura. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a bari su shiga. Bukin ɗin zuwa, wato kama gurbi, shi ma a yi shi da wuri don mutane kaɗan ake ɗauka kowane zuwa, ni na safe nake zaɓa saboda rana ba ta yi zafi ba kuma lokacin aka fi ganin bakan gizo a cikin feshin.