Kurakuran da ke sa ƙwayoyin cutar asibiti su daina jin magani

Duk wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin kwantar da marasa lafiya ya san wannan. An yi wa mace tiyatar haihuwa lafiya lau, bayan kwana huɗu ɗinkin ya kumbura yana zubar da mugunya. A yi mata allurar ceftriaxone, wani maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, shiru. A canza wata, shiru. Ƙwayar da ta kama ta, ko Klebsiella ce ko wadda ake kira MRSA, sau da yawa a gadon asibitin ta same ta, kuma ta riga ta saba da magungunanmu. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa ya nuna cewa a 2019 kaɗai, ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Babban kuskuren a hannunmu yake. Ma'aikaci ya sa safar hannu ɗaya, ya wanke ciwon wannan, ya gyara ƙarin ruwan wancan, ya ɗauki waya, ya riƙe biro, yana ganin ai ya kare kansa. Kansa ya kare, su kuwa ya raba musu cuta. A cire safar bayan kowane majinyaci, a murza sanitaiza mai sinadarin alkohol na daƙiƙa 20 zuwa 30, har tsakanin yatsu. In hannun ya ɓaci a zahiri, sai ruwa da sabulu. Na san wani ɗakin famfonsa ya daɗe da ƙafewa, to ko bokiti mai famfo a ajiye a bakin ƙofa.

Sai gaggawar allura. Jiki ya yi zafi, nan take a rubuta ceftriaxone, ba a ɗebi jini ko fitsari ko mugunya an kai ɗakin gwaji ba. A fara ɗiban samfurin tukuna, sannan a ba da magani. Sakamakon yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. In ya fito, a koma kan maganin da ya dace da ƙwayar, ko a dakatar in babu buƙata. Haka maganin kariya na tiyata: kafin a tsaga fata ake ba da shi, jan sa har mako guda ba ya ƙara kariya.

Robar fitsari da kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa ko allura, kuwa, kowace safiya a tambaya: har yanzu ana buƙatarta? In a'a, a zare.

Ku ma masu jinya da naku. Kuɗi ya yi kaɗan, sai a sayo rabin alluran, ko a ɓoye kafso na kemis ƙarƙashin matashi ana ba mara lafiya a asirce. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi cewa maganin da bai kai ƙima ba koya wa ƙwayar jurewa yake yi. In aljihu ya gaza, a faɗa wa likita tun ranar farko, ya duba ko akwai mai sauƙin kuɗi da zai yi aikin.