Yadda ake bin diddigin lambar matsalar sensa a jikin eskabeta

Idan allon eskabeta ya nuna lambar matsala mai ɗauke da sunan sensa, galibi abin da kwamfutar injin take faɗa shi ne wutar da take gani a layin wannan sensa ba daidai take ba. Layin kuwa ya haɗa da sensar, da soket, da waya, da ita kanta kwamfutar. Shi ya sa sayen sabuwar sensa kafin a sa mitar auna wuta yakan zama asarar kuɗi: a ɗaura ta, a tayar da inji, lambar ta dawo.

Da farko a ajiye bokiti a ƙasa, a kulle libar aiki, a rubuta duk lambobin da ke allon kafin a goge ko ɗaya. A bambanta wadda ke nan a yanzu da wadda ta taɓa faruwa aka adana. Sannan a auna batir. Yawancin manyan eskabeta bolt 24 suke amfani da shi, kuma idan inji na aiki ya kamata a ga wajen 27 zuwa 28. Batir mai rauni ko kan batir da ya yi tsatsa kan jawo lambobi barkatai.

Lambar kashi biyu ce. A tsarin J1939, wato tsarin lambobin da injuna da yawa ke bi, kashi na farko, SPN, na nuna wurin: 100 ƙarfin baƙin mai, 110 zafin ruwan inji, 102 ƙarfin iskar turbo, 157 ƙarfin gas a bututun kwaman rel, wato bututun da ke raba gas mai matsi ga nozuloli. Kashi na biyu, FMI, kuma na nuna irin ciwon. FMI 3 wuta ta haura ƙa'ida, 4 ta yi ƙasa, 5 layi ya yanke, 2 saƙon yana rawa. FMI 0 da 1 daban suke, domin suna nufin layin lafiyarsa ƙalau, abin da ake aunawa ne ya wuce iyaka. Wanda ya ga 110 da FMI 0, lagireto da fanka zai duba, injin ne ya yi zafi da gaske. Caterpillar kan rubuta CID a maimakon SPN, Komatsu kuma tana da nata salon: a PC200-8, CA144 da CA145 na nufin wutar sensar zafin ruwa ta haura ko ta yi ƙasa.

Kafin mita, ido da hannu. A zare soket ɗin sensar a leƙa ciki da tocila. Fil ɗin da ya yi kore, ko ya noƙe baya, ko ɗigon ruwa a bayan robar da ke toshe shi, kowanne ya isa ya kawo lambar. A ja kowace waya ita kaɗai a hankali; wadda aka matse da kyau ba za ta zare ba. A bi damin wayoyin zuwa inda yake gogar ƙarfe, da kusa da bututun hayaƙi, da inda aka taɓa naɗe shi da salatif. Injin da ake wankewa da ruwa mai ƙarfi, a soket matsalarsa takan fara.

Sensar zafi galibi waya biyu gare ta, kuma juriyarta ga wucewar wuta na raguwa idan ruwa ya ɗau zafi. Gwajinta mai sauƙi ne. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a zare soket: kwamfuta za ta ga kusan bolt 5, ta ba da lambar wuta ta haura. Sai a haɗa fil biyun na ɓangaren waya da ɗan guntun waya. Idan lambar ta juya zuwa wuta ta yi ƙasa, to waya da kwamfuta sun fita daga zargi, sensar ce ta mutu. Idan ba ta juya ba, akwai yankewa a hanya.

Sensar ƙarfin mai ko iska waya uku ce: mai kawo wuta, ta at (wadda wuta ke komawa ta cikinta), da mai kai saƙo. Tsakanin ta farko da ta biyu a nemi bolt 4.75 zuwa 5.25. Mai kai saƙon tana yawo ne tsakanin 0.5 da 4.5, kuma ana auna ta ta bayan soket yana haɗe, da siririn fil. Kada a huda rigar waya, don nan ruwa zai shiga ya cinye tagullar a ɓoye. Abu ɗaya da ke ruɗa masu rewaya: zare irin wannan sensa a injin Caterpillar yakan ba da FMI 3, a na Cummins kuwa yakan ba da 4. Littafin gyaran wannan samfurin shi ne alƙali.

Idan lambobi uku ko huɗu suka fito lokaci guda, da wuya a ce duk sensocin sun mutu rana ɗaya. Galibi layin bolt 5 ɗaya suke sha, ɗayansu ta yi shot ta janye wutar. A sa mita a layin, a riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare wuta ta dawo 5, ita ce. Idan an zare duka ba ta dawo ba, wayar ce ke taɓa jikin inji.

Don auna wayar kanta, a kashe makulli, a cire batir, a zare soket na kwamfuta da na sensa. Daga wannan kai zuwa wancan a samu juriya ƙasa da om 1. Tsakanin wayar da jikin inji, ko da maƙwabciyarta, a samu om miliyan 1 ko fiye. Lambar da ke zuwa tana tafiya kuwa, sai a bar mita a haɗe, wani ya riƙa girgiza damin wayoyin taƙi-taƙi har a ga inda adadin ya yi tsalle.

Kada a gwada wayar saƙo da kwan fitila, yana jan wutar da za ta iya ƙona kwamfuta. Kada a kwance sensar famfon haidurolik sai an sauke ƙarfin man da ke cikin layi da tanki. Ta kwaman rel ta fi haɗari, gas ɗin da ke ciki matsinsa kan haura bar 1,500, yana iya huda fata. Kwamfuta ita ce ta ƙarshe da za a zarga, bayan an tabbatar da wutarta da at ɗinta.

Bayan gyara a goge lambar, a tayar da inji ya ɗau zafi, a yi haƙa na kamar minti 15, a sake duba allon.