Kimiyya ko injiniyanci? Ga masu shirin cike fom ɗin JAMB

Assalamu alaikum. Ƙannena masu shirin zaɓar kwas, ga shawarata.

Injiniyanci shekara 5 ne a jami'o'in Najeriya, yawancin kwasa-kwasan kimiyya kuwa shekara 4. Wahalar injiniyanci yawan aiki ce: lissafi kullum, zane, aikin bita, ga horon SIWES a masana'antu. Amma kada wani ya ruɗe ku cewa kimiyya sauƙi ne. Wanda ya karanci Fiziks ko lissafi zalla ya san yadda ake kwana a kan hujja guda ɗaya. Idan lissafi na ba ka ciwon kai tun daga sakandare, to ka nisanci duka ukun.

Inda aka fi yin kuskure shi ne Maikrobayoloji da Bayokemistiri. Da yawa kan faɗa can bayan sun rasa likitanci, da tunanin za su yi gwajin jini a asibiti. Ba haka ba ne. Wannan aikin sai mai lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, kuma kwas ɗinsa daban ne, shekara 5. Sai ka ga mutum ya gama bautar ƙasa, yana yawo da takardu a ambulan, sannan ya ji labari.

Injiniya ma sai ya yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyanci, kafin ya sa hannu a aiki. Mai digirin kimiyya da ke son koyarwa ya ƙara PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, ya yi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai. Kowanne ka zaɓa, ka fara koyon manhajar lissafi ta Excel da harshen kwamfuta na Python tun kana aji ɗaya.