Yadda ake riƙe motar gudu mai inji a baya ko a tsakiya a zafin Saudiyya

Motocin da akasarinmu muka koyi tuƙi da su a Jidda, Makka ko Riyad, daga Camry zuwa Land Cruiser, injinsu a gaba yake, kuma da haka hannu da ƙafa suka saba. Porsche 911 kuwa tun fitowarta kasuwa a 1964 injinta a bayan ƙafafun baya yake, har kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta a kan tayoyin baya yake sauka. Boxster, Cayman, Audi R8, Ferrari F430 da Corvette C8 ta 2020, nasu injin yana tsakanin bayan direba da ƙafafun baya. Mazaunin injin nan shi ke yanke yadda motar za ta sha zafi, yadda za ta ci taya, da abin da za ta yi maka idan ka tsorata a tsakiyar kwana.

Mataki na 1: binciken da ake yi kafin a biya kuɗi

Ciro rahoton tarihin mota na Mojaz da lambar jikin motar, ka duba istimara (takardar rajistar mota) da fahas (gwajin lafiyar mota), ka tabbatar ko ta wakilin kamfani ta shigo ko daga waje aka kawo ta. Amma fahas na shekara-shekara ba ya leƙa cikin inji. Sai ka kai ta warshar da ta ƙware a kan irin wannan motar, ba kowane gareji na sana'iyya ba, ka nemi abu uku.

A haɗa ta da kwamfuta. Porsche mai giyar hannu tana ajiye tarihin duk lokacin da injin ya zarce iyakar juyawarsa. A 997 da 987, wato wani zubi na 911 da wani zubi na Boxster da Cayman, an kasa wannan mataki shida: na 1 da na 2 ba abin tada hankali ba ne, amma daga na 4 zuwa sama alama ce an taɓa sa giyar da ba ita ba ana cikin gudu.

A yanka matatar baƙin mai a baje takardar cikinta. Boxster, Cayman da 911 Carrera masu sanyaya da ruwa da aka ƙera kafin 2009 suna da wani boris a sandar tsakiyar inji, wanda ake kira IMS. Idan ya fara ci, ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli ne zai bayyana a matatar, idan ya tarwatse kuma injin ya tafi ke nan. Injin da aka fara sawa a 2009 ba shi da wannan sandar.

A cire fulogi a zura ƙaramar kyamara cikin silinda, a nemi kartar da fistin ke yi wa bango. Ko kafin kyamara, idan bakin salansa ɗaya ya fi ɗaya baƙin hayaƙi, motar tana shan mai, kuma injin yana wani ƙas-ƙas a tsaye, to ka ja da baya. Mai sayarwar da ya hana a yi waɗannan gwaje-gwajen ya riga ya ba ka amsa.

Ga Ferrari, tambayi takardar canjin bel ɗin tayimin. A F355 sai an sauke injin ake canza shi, a 360 ta bayan kujeru ake shiga, F430 kuwa sarƙa gare ta. Bambancin kuɗin aiki a tsakaninsu ba kaɗan ba ne.

Mataki na 2: sanyaya, wanda nan ne ƙasar nan ke gwada motar

Inji yana baya, amma a Porsche masu ruwa lagireto a gaba suke, ɗaya a kowace kusurwar bamba, can ƙasa daf da kwalta. Bututai ne ke kai ruwa gaba su dawo da shi, shi ya sa tsarin ke cin fiye da lita 20. A gaban kowane lagireto akwai na'urar fitar da zafin AC, kuma tsakaninsu ne matsalar take: rairayi, leda, ganye da guntun taba suna shiga su dunƙule a inda ido ba ya gani. A Jidda da Dammam, inda iska ke ɗauke da laima da gishiri, dattin nan yana jiƙewa ya cinye ƙasan lagireton har ya fara ɗiga.

Sau ɗaya a shekara, kafin Mayu, a cire bamban gaba, a kwance na'urar AC ɗin a ɗan janye ta ba tare da an buɗe bututun gas ba, a zuƙe dattin, a hura iska mai sauƙi. Kada a harba ruwan wankin mota mai ƙarfi kai tsaye, yana lanƙwashe siraran haƙarƙarin lagireto ya toshe hanyar iska. A kunna AC a tabbatar fankokin duka biyu suna juyawa. Fanka ɗaya kan mutu ba a sani ba, domin a babbar hanya iska na rufa asiri, sai an shiga cunkoson azahar allura ta fara hawa.

Idan an zubar da ruwan, da injin zuƙe iska ake mayar da shi. Cikawa ta baki da jarka tana barin iska a cikin dogayen bututan, iskar kuma tana hana ruwa zagayawa. Ruwan famfo bai da gurbi a nan: ruwan sanyaya da kamfani ya rubuta, rabi da rabi da tataccen ruwa. Matatar iska kuma kada ka jira kilomitar da littafi ya ce, duba ta bayan kowace guguwar ƙura.

Mataki na 3: baƙin mai da fetur

Da yawa daga cikin motocin nan suna ajiye baƙin mai a tanki na daban, ba a kaskon ƙasan inji ba. A tsohuwar 911 mai sanyaya da iska, haka ma a Corvette C8, ana auna mai ne inji yana da zafi, yana aiki a tsaye, a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Yaron da ya saba da Corolla zai auna da sanyi, ya ga kamar babu, ya ƙara lita biyu. Rarar sai ta bi bututun numfashi ta shiga inji, mota ta kama hayaƙi. Ƙara rubu'in lita-rubu'in lita, kana sake aunawa. Mai kuma ya zama mai amincewar kamfani, kamar A40 ga 997 da 987. A wannan zafin da ƙurar, juye duk shekara ko da motar ba ta yi tafiya ba.

Fetur, kada ka sauka ƙasa da 95, mai jan famfo. Na 91 a rana mai digiri 45 yana sa inji ƙwanƙwasa, kwamfuta ta rage masa ƙarfi don ta kare shi.

Mataki na 4: taya

Na baya sun fi na gaba faɗi, don haka babu musanya su, kuma su ke fara ƙarewa, galibi ta gefen ciki. Durƙusa ka shafa da hannu, ganin waje yana yaudara. Karanta lambobi huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke gefen tayar: 2423 na nufin an ƙera ta a mako na 24 na 2023. Tayar da ta kai shekara biyar a ranar ƙasar nan ta bushe ko da zanenta cike yake. Nemi mai darajar zafi A, kuma ga Porsche mai alamar N ta amincewar kamfani. Duka huɗun su zama kamfani ɗaya, samfuri ɗaya.

Auna iska da sassafe, bisa takardar da ke manne a jikin ƙofa. Duk ƙarin digiri 10 yana ɗaga iska da kusan 0.1 bar, don haka za ka ga ta hau bayan doguwar tafiya. Kada ka bari mai banshar, wato mai gyaran taya, ya sace ta. Tayar da iskarta ta gaza ita ke yin zafi ta fashe. Yawancin motocin nan ba su da safaya, sai kwalbar liƙi da ƙaramin famfo, kuma liƙin yana da ranar lalacewa.

Mataki na 5: kwana

Nan ne ake asarar motocin nan. Idan ka ɗauke ƙafa daga totur, nauyi yana komawa gaba, tayoyin baya su yi sakayau. A mota mai inji a gaba wannan ba ya cika yin illa. A 911 kuwa abu mafi nauyi yana can ƙarshen baya, kamar amalanken da aka lafta wa buhuna a gindi: da ka karya kwana, kayan suna so su wuce kai tsaye, sai gindin ya zagayo. Mai inji a tsakiya ta fi riƙe hanya, amma da yake nauyinta a dunƙule yake, ranar da ta kufce juyawarta ta fi sauri, ba ta ba ka lokacin gyara.

Ga tsarin. Taka birki tun sitiyari yana miƙe, ka gama rage gudu da saukar da giya kafin bakin kwana. Saki birkin a hankali kana fara juyawa, domin gaban motar ba shi da nauyi, ɗan ragowar birkin ne ke danna tayoyin gaba su kama. A tsakiyar kwana riƙe totur daidai wa daida. Sai ka hango mafita, sitiyari ya fara warwarewa, sannan ka ƙara. A nan motar take biyan ka, domin nauyin bayan yana danna tayoyin da ke turawa.

Idan ka ga ka shigo da gudu fiye da kima, kada ka fizge ƙafa gaba ɗaya, kada kuma ka daka birki. Sassauta kaɗan, ka kafa ido inda kake son zuwa, ba kan shingen ƙarfe ba. Na'urar hana sulɓi, wadda Porsche ke kira PSM, a bar ta a kunne a kan titi, ko wa ke zuga ka.

Gangaren Hada daga Ɗa'if zuwa Makka ya haɗa duk abin da motar ba ta so: nauyi ya riga ya karkata gaba, ga hazo, ga birai a bakin hanya. Sauko da ƙaramar giya, ka taka birki sosai ka saki, maimakon ka jingina ƙafa a kansa har man birki ya tafasa feda ta nutse. Man birki ana canza shi duk shekara biyu. Rairayin da iska ke shimfiɗawa a shataletale da ruwan farko a kan kwalta mai sulɓi su ma haka ake bi da su.

Iyakar motar ba a titi ake nemanta ba. Ban da kyamarorin Sahir, tarar tafhiɗ, wato wasan sulɓi da mota a titi, ta farko riyal 20,000 ce da tsare mota kwana 15, ta biyu 40,000, ta uku 60,000. Akwai filin Dirab kusa da Riyad, akwai na Sakhir a Bahrain ta gadar Sarki Fahad. Tafi da mai koyarwa, ka kuma karanta takardar inshorarka, don yawanci ba ta ɗaukar hasarar da aka yi a filin tsere.

Mataki na 6: cikin gari da ajiya

Tudun rage gudu a hau shi a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ranar ruwa a Jidda, kada ka kusanci hanyoyin ƙarƙashin gada. Inji a ƙasa yake, idan ya zuƙi ruwa sandunan fistin ne ke lanƙwashewa. In ta mutu a cikin ruwa kada ka sake tayarwa, kira saɗha, motar da ke ɗora mota gaba ɗaya a bayanta, a ɗauke ta, ba janwe mai ɗaga gefe ɗaya ba.

Idan za ka tafi gida Kano ko Zinder na wata biyu, ajiye ta a inuwa, ka ƙara wa tayoyi iska kaɗan, ka haɗa batir da ƙaramar caja mai kula da shi. A Porsche batir yana cikin but ɗin gaba, makullin but ɗin kuma da lantarki yake buɗewa, don haka in batir ya mutu ya kulle kansa a ciki. A 997 da 987 akwai wani jan maƙali a akwatin fis da ke wajen ƙafar direba: jawo shi, haɗa jar wayar wani batir a kansa, baƙar kuma a ƙarfen maƙalar ƙofa, sannan ka danna maɓallin buɗe but.