Kurakuran da aka fi yi wajen sa giyar taya huɗu a a-kori-kura

A yawancin motocin a-kori-kura masu jan taya huɗu, tayoyin baya ne kaɗai ke tura mota a tafiyar yau da kullum, na gaba kuwa rakiya suke yi. Kafin ƙarfin inji ya isa gare su sai wuri biyu sun kama. Na farko shi ne akwatin transfa da ke manne a bayan giyabos, wanda ke ɗaukar ƙarfi ya miƙa wa furofelar gaba, sandar ƙarfen da ke kai juyi zuwa aksul na gaba. Na biyu yana can gaba, ko dai a kan hob (makullin da ke tsakiyar taya) na kowace taya, ko a cikin aksul. Ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, to motarka mai jan taya biyu ce, ko da liba tana kan 4H, wato matsayin jan taya huɗu. Da yawa daga cikin matsalolin da ake kai wa kanikawa daga manta wannan suke tasowa.

Jan liba ba tare da an ƙulle hob ba

Hob mai murɗawa da hannu tsohuwar dabara ce. Wani Ba'amurke mai suna Arthur Warn ya fara ƙera shi a 1948, domin motocin Jeep da suka rage bayan yaƙin duniya na biyu su daina jan kayan gaba a banza a kan kwalta. Har yau aikinsa bai canza ba: a kan FREE taya tana juyawa ita kaɗai a kan boris ɗinta, a kan LOCK kuma wani zobe mai haƙora yana haɗa ta da shaf ɗin aksul.

Direba ya ja liba zuwa 4H, fitila ta kama a dashbod, ya afka cikin taɓo, mota ta kafe. Furofelar gaba tana juyawa, shaf suna juyawa, tayoyin gaba kuwa suna tsaye cik domin hob yana kan FREE. Fitilar ba ƙarya ta yi ba. A irin waɗannan motoci transfa kawai take ba da labarinsa, ba ta san abin da ke faruwa a kan taya ba.

Wanda ya fi wannan ban haushi shi ne mai ƙulle ɓangare ɗaya ya manta ɗayan, yana zaton ya samu jan taya uku. Bai samu komai ba. Difarenshal na gaba, wato giyar da ke raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama, yana sakin juyi ne ta inda ya fi sauƙi, kuma babu inda ya kai shaf ɗin da ba a haɗa shi da komai ba sauƙi. Sai ya yi ta wulwulawa a iska, tayar da aka ƙulle kuma ba ta samu abin kirki ba.

Gyaran ba wuya: ka sauka ka ƙulle duka biyu tun ƙasa tana da tauri, kafin ka isa wurin da kake tsoro. In ka san yinin nan za ka yi ta shiga da fita a mugun wuri, bar su a LOCK kawai, ka riƙa sauyawa tsakanin 2H (jan taya biyu) da 4H daga ciki. Ba ya ɓata komai, illa ɗan ƙarin shan mai da ɗan gurnani daga gaba.

Tafiya da 4H a kan busasshiyar kwalta

Wannan ne kuskuren da ya fi cin kuɗi, kuma masu yin sa galibi mutane ne masu son motarsu, suna ganin ƙarin kariya ce. Abin da ya kamata a gane shi ne, a tsarin da ake sa wa a cire, transfa ba shi da difarenshal na tsakiya. Da zarar ya kama, furofelar gaba da ta baya sun zama ƙarfe ɗaya, dole su yi juyi iri ɗaya. Amma a kwana tayoyin gaba suna bin da'ira mafi faɗi fiye da na baya, wato suna cin doguwar hanya. A kan yashi ko laka ko tsakuwa babu damuwa, taya ɗaya za ta ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan kwalta ba inda za ta zame. Sai bambancin ya taru a cikin ƙarafa, su murɗe kamar igiyar da mutum biyu ke murɗawa kowa ta nasa gefen.

Za ka ji abin a hannunka. Sitiyari ya yi nauyi, mota tana tirjewa tana tsalle-tsalle in ka karya kwana sosai, tayoyi suna kuka. In aka ci gaba da haka, sarƙar da ke cikin transfa tana miƙewa, kuros ɗin furofela yana saki, wani lokaci shaf ɗin gaba ya karye. Tayoyi kuwa tun kafin nan sun cinye.

Akwai motocin da wannan bai shafa ba. Mitsubishi L200 mai tsarin Super Select tana da difarenshal na tsakiya, don haka 4H ɗinta ya halatta a kan kwalta, waɗanda aka hana su ne 4HLc da 4LLc, inda ake ƙulle wannan difarenshal ɗin. Wasu motocin Ford da Chevrolet suna da matsayin 4A ko Auto, inda kuloci a cikin transfa ke ba gaba ƙarfi gwargwadon buƙata. Amma kada ka ɗauka taka ma haka take don ta yi kama da ta maƙwabci. Duba abin da aka rubuta a jikin maɓallin da kuma littafin motar.

Daga wannan kuskuren ne wani ke haihuwa. Ka fito daga daji ka hau kwalta, ka zo mayar da liba 2H ta ƙi motsi, ko fitila ta yi ta ƙyaftawa ta ƙi mutuwa. Mutane sukan hau liba da ƙarfin tsiya, har a lanƙwasa cokalin da ke tura giya a ciki. Ba lalacewa ta yi ba, murɗewar nan ce ta danne haƙoran suka kasa rabuwa. Miƙe sitiyari, ɗaga ƙafa daga totur ka sake takawa a hankali, in bai saki ba ka yi ribas na 'yan mitoci, ko ka sauke tayoyin gefe ɗaya a kan ƙasa mai laushi. Za ka ji ta saki da kanta. Tsofaffin motoci masu hob mai kama kansa ma sai an yi musu ɗan ribas bayan an koma 2H kafin hob ya saki.

Sa giya tayoyin baya suna wulwulawa

Mota ta riga ta kafe, ƙafa tana kan totur, tayoyin baya suna watsa laka, a nan direba ya tuna da maɓalli. Baya yana gudu, gaba yana tsaye, kana so haƙora su shiga juna. Ƙarar da za ka ji ita ce amsar. Ɗaga ƙafa tukuna, tayoyi su tsaya, sannan ka sa.

Sauyawa daga 2H zuwa 4H mota tana tafiya ba laifi ba ne a motocin da aka yi domin haka, muddin kana tafiya a miƙe kuma ba ka wuce gudun da kamfani ya ƙayyade ba. A Hilux ta zamani iyakar ƙasa da kilomita 100 ne a sa'a, wasu motocin kuma ba su kai haka ba. 4L kuwa wata magana ce daban. Giya ce ta rage gudu, tana ninka ƙarfi kamar sau biyu da rabi, a Hilux 2.566 ne, a wasu transfa na Amurka 2.72. Ita sai ka tsaya, ka sa giya a firi ko ka taka kuloci har ƙasa. Kuma ga wani abu da ba a cika faɗa ba: a motoci masu liba akwai N, wato firi, tsakanin 4H da 4L. In liba ta maƙale a nan, tayoyi sun rabu da giyabos gaba ɗaya, ko ka sa P na fakin mota za ta gangara. Kada ka sauka a kan gangare sai ka ja birkin hannu.

Zargin transfa alhali laifin yana gaba

Motocin yanzu da yawa ba su da hob na hannu. Toyota tana amfani da tsarin da take kira ADD, wanda ke raba shaf ɗin gefe ɗaya gida biyu, wata 'yar na'ura kuma ta tura zobe ya haɗa su in an sa 4H. General Motors da Dodge ma sun daɗe da irin wannan raba shaf ɗin. A wasu motocin ƙaramin moto ne ke tura zoben, a wasu kuma zuƙar iska daga inji ta cikin siraran robobi. Roba ɗaya ta tsage, ko ruwa ya shiga soket, ko fiyus ya ƙone, shi ke nan gaba ba zai kama ba, transfa kuwa lafiyarsa ƙalau.

Ford F-150 daga 2004 ta bi abin ta baibai. A wurinta zuƙar iska ce ke riƙe hob a buɗe, in an cire iskar sai sifirin ya ƙulle shi. Don haka idan roba tana yoyo, hob yakan tsaya tsaka-tsaki, ka ji ƙarar gurzar ƙarfe daga gaba kana cikin 2H, musamman in ka taka totur. Mutane da yawa sun sayi sabon boris a kan wannan ƙara.

A ganina bakaniken da ya ce a sauke transfa kafin ya yi gwajin hannu bai yi wa mai mota adalci ba. Gwajin kuwa bai fi minti goma ba. Sa 4H, kashe inji, ja birkin hannu, sa waigi a tayoyi. Hob yana kan FREE, ka kama furofelar gaba ka gwada murɗawa: in ta juya sakaka, transfa bai kama ba. In ta cije, to shi ya yi aikinsa, ka koma gaba. Ɗaga taya ɗaya ta gaba da jak, ƙulle duka hob biyu, juya tayar da hannu. Ya kamata ta ɗan motsa ta cije. In ta yi ta juyawa, a ɗaya daga cikin hob biyun ko a na'urar haɗa shaf matsalar take.

Tayoyi da ba su yi daidai ba, da barin abin ya kwana

Taya mai lamba 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne. Idan na baya sun cinye da milimita 5 fiye da na gaba, bambancin tsayi ya zama 10, wato kimanin mita 13 a kowace kilomita. A 2H ba wanda zai lura. A 4H a kan ƙasa mai tauri, ko a miƙe kake tafiya ƙarafa suna murɗewa. Safaya mai wata lamba daban ta fi haka muni. Haka nan wanda ya sayi aksul na hannu bai duba lissafin haƙoransa ba: gaba 4.10, baya 3.73, bambancin ya kai kashi goma cikin ɗari, motar ba za ta yi nisa a 4H ba kafin wani abu ya fashe.

Sai masu tattalin giyar, waɗanda ba sa taɓa ta shekara guda wai kada ta lalace. Zama ne ke kashe ta. Giris ya daskare a cikin hob, moto ya cije, man giya bai fantsama ya jiƙa saman haƙora ba. Littafin Toyota yana ba da shawarar a yi aƙalla kilomita 16 da taya huɗu a kowane wata. Nemi hanyar ƙasa ka yi su a can, ka sa 4L ma na 'yan mitoci. In ka ratsa ruwa mai zurfi, a duba man difarenshal na gaba da na transfa. In ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, a zubar a zuba sabo. Hob kuma ɗan giris kaɗan yake so, wanda aka cika maƙil sifirin ɗinsa ba ya iya tura zoben ya kama.