Yadda Ake Rage Nauyin Bidiyo a Burauza Kafin a Ɗora Shi

Bidiyon da waya ta ɗauka a girman 1080p yakan kai wajen megabait 120 a kowane minti, don haka ɗaukar minti goma kaɗai ta isa ta lashe fiye da gigabait guda na data. Gmail ma ba ya bari ka haɗa fayil ɗin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya. Ana iya matse bidiyon a cikin burauza ba tare da saka wata manhaja ba, amma fa sai ka san irin shafin da ka shiga.

Shafukan matse bidiyo iri biyu ne. Wasu sai sun kwashe fayil ɗin gaba ɗaya zuwa kwamfutocinsu, su matse shi a can, sannan ka sauke. In datarka kake tattali, wannan asara ce: ka biya kuɗin ɗora babban, ka biya na sauke ƙaramin, har yanzu ba ka aika shi inda kake so ba. Ga kuma bidiyonka a hannun waɗanda ba ka sani ba. Iri na biyu su ne masu yin aikin a cikin na'urarka. Wasu suna amfani da ffmpeg.wasm, wata manhajar sarrafa bidiyo da ke aiki a cikin shafin, wanda burauza ke saukewa a karon farko, nauyinsa wajen megabait 30. Wasu kuma da WebCodecs, kayan sarrafa bidiyo na cikin burauza kanta, wanda ya shigo Chrome a 2021; shi ya fi sauri, domin yana iya jingina da ɓangaren wayar da aka ƙera don sarrafa bidiyo.

Kada ka tsaya ga abin da shafin ya faɗa game da kansa. Matse wani ɗan guntun bidiyo da data a kunne, sannan ka kashe data da Wi-Fi ba tare da rufe shafin ba, ka sake gwada wani. In ya yi, a wayarka aikin yake.

Kafin ka taɓa kowane saiti, yi lissafi. Nauyin bidiyo ya dogara ne ga abu biyu: tsawonsa, da yawan bayanan da ake zuba wa kowane sakan, abin da shafukan ke rubutawa bitrate. A ce bidiyonka minti uku ne, wato sakan 180, kana so ya tsaya a megabait 20 don ya shige ta imel da sarari. Ninka 20 sau 8, domin megabait ɗaya megabit takwas ne, ka samu megabit 160. Raba da 180, ya ba ka kusan 0.89, wato kilobit 890 a sakan. Ware wa sauti 64, hoto ya tashi da wajen 820. Wannan adadi zai riƙe 480p da kyau, zai ɗan taɓa 720p in babu motsi da yawa, amma in ka tilasta masa 1080p hoton zai farfashe ya zama dabbare-dabbare.

Shi ya sa yanke bidiyon ne matakin farko. Cire sakan talatin ɗin da aka ɓata ana gyara riƙon waya. Wannan ragi ne da ba ya taɓa ingancin hoto ko kaɗan. Daga nan sai girma. 720p bai kai rabin ɗigogin da ke cikin 1080p ba, kuma a fuskar waya mutane kaɗan ne za su lura da bambancin. In an ɗauka a hoto 60 a sakan, mayar da shi 30.

A wajen zaɓen irin fayil, zaɓi MP4 mai tsarin matse hoto na H.264, sauti kuma tsarin AAC. H.265 ya fi ƙanƙanta fayil, sai dai akwai tsofaffin wayoyi da burauzoji da ba sa buɗe shi, sai mai karɓa ya ji murya ba hoto. Ga magana zalla, kamar wa'azi ko darasi, kilobit 64 ya wadatar. In da kiɗa, ba shi 128.

Wasu shafukan lambar CRF, wato ma'aunin ingancin hoto, suke nunawa a maimakon bitrate. Tana tafiya daga 0 zuwa 51, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi inganci da nauyi. 23 ce ta asali a H.264. Duk ƙarin 6 yakan rage nauyi da kusan rabi, don haka fara da 28. Matsalarta ita ce ba ta yi maka alkawarin nauyin ƙarshe. Malami a zaune gaban allo zai matsu sosai. Taron jama'a, rawa, ƙurar hawan dawaki, ko ɗaukar dare mai tsaki-tsaki duk suna cin wuri, domin kusan kowane ɗigo yana sauyawa daga hoto zuwa hoto. In iyaka aka gindaya maka, bi lissafin bitrate.

Yawancin cikas daga ma'adanar wucin gadi ta waya yake zuwa. ffmpeg.wasm yakan ɗora fayil ɗin a cikinta, iyakarsa wajen gigabait 2 ne, kuma ƙaramar waya takan gaza tun kafin a je nan: shafin ya sake buɗe kansa, aiki ya koma farko. Rufe sauran shafuka da manhajoji, ko ka raba bidiyon gida biyu. Bar shafin a gaba, kada fuskar wayar ta mutu, domin burauza tana rage wa shafin da ke baya ƙarfi ko ta dakatar da shi. Wayar za ta yi zafi, batir zai sauka da sauri, kuma aikin na iya ɗaukar lokacin da ya fi tsawon bidiyon kansa. Opera Mini a yanayin tsimin data mai tsanani ba ta wannan aiki. Buɗe Chrome ko Edge.

In launi ya fito a koɗe, mai yiwuwa an ɗauki bidiyon ne da HDR, saitin kyamara mai faɗaɗa haske da launi, shafin kuma bai iya juya launin daidai ba. Kashe HDR a kyamara kafin ɗauka ta gaba. In baki da murya suka saɓa, sau da yawa wayar ce ta riƙa sauya yawan hoto a sakan, sai ka tsayar da shi a 30 ka sake.

YouTube da Facebook suna sake matse duk abin da aka ɗora musu, kuma matsa kan matsa tana ƙara lalata hoto. YouTube yana ba da shawarar megabit 5 a sakan ga 720p, 8 ga 1080p, don haka kada ka yi ƙasa da hakan sosai in can za shi. Kalli sabon fayil ɗin a farko, tsakiya da ƙarshe kafin ka aika, kuma ajiye na asali, domin abin da matsa ta zubar ba ya dawowa.